Takardar Zuciyata da Aka Aika Sakkwato

Ƙir, ƙir, ƙir, kamar ɓera yana gaigayar ƙwarya. Haka allurar na'urar take yi tana zana bugun zuciyata a kan wata siririyar takarda mai ruwan hoda. Ni kuwa ina kwance a gadon ƙarfe, an ɗaura mini wayoyi hannu da ƙafa kamar akuyar da za a kai kasuwar Talata. Ɗakin sai warin sifirit yake yi. Ɗan asibitin ma'aikatan dam ne da ke bayan Mafara, a shekarun da manyan motoci ke ta jigilar dutse zuwa Bakolori. Sai da Baba ya sha gaisuwa da roƙo kafin aka yarda a duba ni.

Shekarata goma sha tara, saura zango ɗaya in gama kwalejin horon malamai. Na zo hutu gida Bakura, sai numfashi ya soma yi mini gardama. In na kwanta ƙirjina ya dinga kuka kamar jaririyar mage, in na ɗebo ruwa a rijiya sai na zauna sau biyu kafin in kai randa.

Likitan Bature ne mai gashi har a yatsu. Ya ja takardar ta kai kamu uku, ya dube ta daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗaga kafaɗa. Tafinta ya ce, "Ya ce shi likitan karaya ne da ɗinki. Mai karanta wannan yana Sakkwato. A kai masa, sati biyu amsa ta dawo."

A mota Baba ya yanke hukunci: ba ni ba makaranta sai takarda ta dawo ta ce zuciyata lafiya. Saura sati uku a koma, don haka ban damu ba.

Da muka isa gida Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Miƙo in gani, 'yar boko." Ta warware takardar a cinyarta, ta bi layin da ɗan yatsa.

"Wanga duka likita ya rubuta miki?"

"Ba rubutu ba ne, Kaka. Na'ura ce ta zana zuciyata."

"Ke dai an kai ki makaranta an maido. Dubi, ya hau, ya sauka, ya hau. Ko ɗigon tawada babu. Mutumen ga ya yi ƙoƙari, Allah shi biya shi."

Aka yi dariya, aka naɗe takarda aka sa a ambulan. Baffa, ƙanen Baba, shi ke fataucin shanu zuwa Sakkwato, shi aka ɗora wa kaiwa. Kaka ta ce a bar ta a ɗakinta har ranar tafiya, kada awaki su cinye.

Sai jira ya fara, kuma dole in faɗi gaskiya: da farko na ji daɗinsa. Ba sharar tsakar gida, ba wanke-wanke. Hanta in an soya tawa ce. Kaka da kanta take dama mini kunun tsamiya kowace safiya, abin da ba ta taɓa yi wa jika ba. Yana da wani ɗanɗano kamar na alli, ga 'yan gudaji da ba sa taunuwa, amma wa zai kushe kunun Kaka? Ta tsaya a kaina sai ta ga gindin kofi. Kwana bakwai ta yi, ta daina.

Ni kuma na shiga shirin mutuwa yadda mai karatu ya kamata ta yi. Na sami sabon littafi ina rubuta waƙoƙin ban kwana ga kogi, ga tsamiyar ƙofar gida, ga balbelun da ke bin motar noma. Na raba kayana a raina. Nakan jingina da bango in lumshe ido, in ga yadda 'yan ajinmu za su yi kuka, har da wadda ta ari ɗankwalina ba ta maido ba. Abin da ya fi damuna shi ne kada a binne waƙoƙin ba wanda ya karanta.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa asibitin a baki. Wata tsohuwa daga Dakko ta ce karatu ne ya taru ya danne mini ƙirji, tun da ita ba ta taɓa jin mai surfe ta yi irin wannan ciwo ba. Gwaggo ta taso tun daga Faru. Sai da ta gaida kowa, har da gajiyar bara, sannan ta zauna ta dube ni.

"Ba zuciya ba ce. Mutanen ɓoye ne. Ruwan dam ya ci musu gidaje, an tashe su ba a ko ce musu sannu ba. Ina za su? Dole su nemi wurin sauka."

Inna, mahaifiyata, ta ce, "To, duk faɗin ƙasag ga sai ƙirjin ɗiyata?"

"Ai sun ga ɗaki ne shiru, ba a aikin komi ciki."

Aka rufe ni a ɗaki da kaskon hayaki don a sallami baƙin. Na fito ina tari kamar zan amayar da huhu. Gwaggo ta ce, "Kun ji ko? Suna gardama."

Sati biyu suka wuce. Duk ranar da Baffa ya dawo ina jin takunsa a zaure nake miƙewa. Sai ya tsaya gyaran hula ya ce, "Suna dubawa." Wani satin ya ce likitan ya tafi hutu. Wani satin ya ce ai zuciya ba abin gaggawa ba ce, a hankali ake karanta ta. Ko sau ɗaya bai dube ni ido da ido ba, ni kuma na ɗauka mugun labari yake ɓoyewa, na ƙara baiti biyu.

Ranar komawa makaranta motar ɗalibai ta wuce ta bakin titinmu. Na ji waƙarsu daga tsakar gida. Akwatina a ɗaure yake tun jiya, ko Baba zai sake shawara. Ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata. Takarda dai." Ran nan ban rubuta komai ba. Hanta ma ta fita raina.

Can wajen sati na shida Baba ya sayar da buhunan shinkafar da aka jibge a ɗakina tun girbi, aka share ƙaiƙayin. Kwana kaɗan magen ƙirjina ta yi shiru. Gwaggo ta aiko cewa baƙi sun tashi. Kaka kuwa in na wuce da tulu sai ta bi ni da kallo tana gyaɗa kai, ta ce, "Turawan ga ba laifi."

Amma takarda ba ta dawo ba, Baba kuwa ba ya magana biyu. 'Yan ajinmu suka yi jarrabawa suka fita ina gida ina surfe, lafiya lau. Sai da shekara ta zagayo, Baba ya gan ni na bi ɗan akuya da gudu har bayan masallaci, sannan ya ce in ɗaura akwati. Na koma na zauna da ƙannena a aji.

Na daɗe ina koyarwa, Kaka ta rasu, Baffa ya tsufa ya bar bin shanu. Wata rana na je gaishe shi na kawo zancen cikin raha, na ce har yau Sakkwato suna dubawa? Ya taɓa hula, sannan ya faɗa mini gaskiya.

Ambulan ɗin da Kaka ta miƙa masa ran tafiya ba komai a ciki, ta kuma ce in ya faɗa wa Baba ba ta yafe nono ba. A wurinta rubutun magani ba a aika shi wani gari, wankewa ake yi a sha. Da ta ga tawadar Bature ta ƙi fita a ruwa, sai ta yanka takardar gida bakwai, ta jiƙa, ta dama mini a kunu.