Ƙarar da ta tona mai bidiyo

A shagonmu na Mayo Gwoi, babbar kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da aikin kowa. A can cikin manhajarta akwai abin da muke kira shedula, ita ke raba wa ayyuka lokaci, wannan ya shiga, wancan ya jira. Abokin aikina mai haɗa bidiyon biki ya rubuta tasa shedular, wadda ke tura aikinsa gaba. Da zarar ya loda ta a ɓoye, sai kwamfutocin ɗaliban da ke buga furojet ɗinsu na makaranta su sandare, su kuma su huce a kaina.

Da na tambaye shi, ya rantse min cewa zafin Jalingo ne ke dafa injin. Rantsuwar nan ce har yau in na tuna nake jan tsaki.

Sai na saita injin ya yi ƙara a lasifika duk sanda aka sauya shedula. Rannan da azahar ya ce, "Yaya, je ka yi alwala, ina bayanka." Ko baki ban kurkure ba ƙarar ta cika shagon. Na koma da buta a hannu, ina jiran in ga kunya a fuskarsa.

Ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "Yaya, ta ina ake kashe wannan ƙarar?"