Yayen Kare

Gwiwa ce ta fara cin amanata. Tun ina budurwa a Jos nake aikin karnuka a gidan wata Baturiya. Da mijinta ya samu aiki a Doha suka taho da ni, ta buɗe filin koyar da karnuka a wata gona can bayan gari. Da za ta koma ƙasarsu ta sayar wa wani Balarabe filin da karnukan da katakan wasan, ni ma aka haɗa da ni, ya zama kafil ɗina, wato ubangidan da takardar zamana a ƙasar take hannunsa. Ba zan ce ya zalunce ni ba. Ranar Juma'a da yamma kawai yake zuwa, ya zauna a inuwa ya sha shayi ya kalli dabbobinsa.

Wasan da muke koya musu, kare ne zai bi hanya a guje. Ya tsallake sanduna, ya shiga dogon bututun leda ya fito, ya hau tudun katako ya sauko, ya ratsa ta cikin taya, ya saƙa tsakanin turaku da aka jera. Ba igiya a wuyansa, ba a taɓa shi. Mutum ne ke gudu a gefensa, shi kuwa kafaɗarka da ƙafarka yake dubawa. Inda ƙirjinka ya fuskanta nan zai nufa, ko da bakinka na faɗin wani abu dabam. Kare ba ya ba ni wahala. Mutanen da ake kawo mini in koya wa gudu da kare, su ne suka tsofar da ni.

A cikin karnukan akwai nawa. A takarda na Balaraben ne, amma ni na shayar da shi da kwalba da uwarsa ta ƙi shi. Baƙi da fari, irin masu kiwon tumakin Turawa. A bakin ƙofar ɗakina yake kwana. Mun kai inda ba sai na ce masa komai ba a fili, in na karkata kawai ya gane.

Da gwiwar ta ƙi, na faɗi a gaban mutane wajen juyawa daga bakin bututu. Karen ya bar hanya ya dawo ya tsaya a kaina. Kafil ya jira har aka ɗaga ni aka ba ni kujera, sannan ya ce:

"Mama, khalas. Gudu ya ƙare miki. Zan kawo wanda zai yi gudu da shi, ki koya masa. In sanyi ya shigo aka fara gasa bai bi kowa ba, akwai abokina da ke son sa."

Na san abokin. Yana tara karnuka a keji a bayan gidansa don baƙi su leƙa su ce masha Allah. Karen da ya saba gudu kullum, in ka kulle shi, ƙafarsa yake ci har jini.

Wanda aka kawo mini ɗan Katsina ne, dogo, ya doshi arba'in. Gadi yake yi a ƙofar wani dogon bene a unguwar West Bay, tsayuwa tun safe har ƙafa ta kumbura. An ce masa aikin gona ne. Da ya sauko daga mota ya ji haushi ta ko'ina, sai ya tsaya da jakarsa a hannu.

"Iya, ina wuni. Ashe akwai 'yan gida a nan."

"Lafiya lau. Ka taɓa riƙe kare?"

"Na dai taɓa jifansa."

"To nan ba a jifa. Ka iya gudu?"

"In ya biyo ni, ƙwarai kuwa."

Ban yi dariya ba, amma na ji ya kwanta mini. Gudu kam ya iya, ƙafarsa ba nauyi. Hanya ma nan da nan yake haddace ta, ga shi yana karanta lambobin da ake kafawa a gindin kowane katako, ni kuwa a zamanina da ƙafa nake gane hanya, sai na taka filin na sake takawa. Matsalar a hannunsa take. In kare ya yi daidai ana ba shi guntuwar busasshiyar hanta a take, daga tafin hannu. Shi kuwa sai ya riƙe ta da kan yatsu biyu, in bakin karen ya matso ya janye, kafaɗarsa ta koma baya. Karen ya ɗauka ce masa aka yi ya juya, sai ya juya. Aka wayi gari duk lokacin da ya kusanci mutumin sai ya kauce, ya bar sanda a tsaye.

"Malam, kai kake kore shi."

"Ni ban ce masa komai ba, Iya."

"Kafaɗarka ta ce. Buɗe hannun ka bari ya ɗauka."

"Yawu fa. Da wannan hannun nake alwala."

"Ni da wanne nake yi? Da ƙafa?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa shekara da shekaru kayan fili dabam kayan sallah dabam, ga sabulu ga ruwa, ban taɓa barin sallah ta wuce ni ba saboda kare. Ya ce ai bai ce na bari ba. Amma tun ranar da ya zo na lura in na zuba masa tuwo sai ya ce ya ƙoshi, ya je ya ci burodi da shayi wajen 'yan Indiyan da ke ban ruwa. Ban taɓa ɗaga masa maganar ba. Na daina zubawa kawai.

Ya gwada safar hannu, karen ya ƙi warin robar. Ya gwada jefa hantar a ƙasa, karen ya koma gudu hancinsa a ƙasa yana nema, ya daina kallon kowa. Zafi ya fara raguwa, safiya ta fara daɗi, mu kuwa muna nan inda muke.

Ni na nemo mafita da kaina, kuma har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Na yayyaga wani tsohon zanena na tufka igiya mai kauri, na ƙulla mata kai. Na ce in ya yi daidai kada ka ba shi komai, miƙa masa wannan ya kama, ka ja ya ja. Bakinsa na can, hannunka na nan, ba abin da zai taɓa ka.

Ranar farko da suka ja igiyar nan na ga abin da ban taɓa gani a jikin karen ba. Ya kafa ƙafafu yana gurnani, jela kamar za ta tsinke. Mutumin ya ɗaga shi sama da igiyar ya juya shi, su biyun suna haki. Ni ban taɓa yi masa wannan ba, ƙarfin hannuna bai kai ba ko da ina da gwiwa. Hanta na sani, da shafa kai.

Sai dai ba a gama ba. Za su taho da kyau, tsalle, taya, tudun katako, da ya fito daga bututu sai ya ɗaga kai ya nemo ni a kujerata, ya taho a guje ya ɗora haɓa a cinyata. Na juya kujerar na ba filin baya, ya zagayo. Na shiga ɗaki, ya je ya kwanta a ƙofar ya ƙi tashi.

Na san maganin, don na sha faɗa wa wasu. In za a ba kare sabon mutum, tsohon sai ya ɓace. Ba abinci daga hannunsa, ba kira, ba kallo. Na sha tsayawa a kan matan Turawa masu kuka ina ce musu su tafi gida, kare ba ya bin mutum biyu a fili ɗaya. Da ta zo kaina na yi ta ja, ina cewa bari mu ga gobe. Mutumin ne ya gaji ya faɗa mini.

"Iya, ki yi haƙuri da abin da zan ce. Muddin yana jin ƙamshinki ba zai bi ni ba. In aka kai shi keji ni ma ƙofar bene zan koma."

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ke."

Na tattara kayana na tafi unguwar Mansura a cikin gari, wajen wata ƙawata 'yar Zangon Kumasi da ke aikin shara a otal. Ɗaki ɗaya mu huɗu, gado bisa gado, ƙasa kuma shagon gyaran waya da ba ya rufe rediyo. Daga nan na ci gaba da aikin. Mutumin zai jingina wayarsa a kan bokiti ta ɗauki gudunsu ya turo mini, ni in duba in aika masa murya. Ka makara wajen juyawa. Hannun hagunka ya mutu ne? Kada ka tsaya kana kallonsa a turaku, ka wuce, zai same ka. Na hana shi kunna muryata a inda karen zai ji.

A kwanakin farko ya ce karen ba ya cin abinci, yana kwance a ƙofar ɗakina. Na ce a bar shi da yunwa, kada kowa ya ba shi sai kai. Na faɗa da ƙarfi kamar ba komai, na kashe wayar. Ƙawata na kallona daga saman gado tana cin gyaɗa.

"Hajiya, yaye kike yi? A garinmu yaron ake kaiwa gidan kaka. Ke uwar aka kora."

"Ci gyaɗarki."

"Ni dai ban taɓa ganin tsohuwa da jan ido a kan kare ba. Ko mijinki da ya mutu an ce ba ki yi haka ba."

"Shi bai taɓa jirana a ƙofa ba."

Ta yi dariya har ta ƙware. Ni ban yi ba.

Sannu a hankali hotunan suka canza. Karen ya fara ci. Ya daina ɗaga kai in ya fito daga bututu. Wata safiya na ga sun yi hanyar tun daga farko har ƙarshe ba kuskure, karen na manne da ƙafar mutumin kamar tare aka haife su. Na kalla na sake kalla ina neman abin da zan gyara, ban samu ba. Na aika masa cewa takalminsa ya yi masa yawa.

Ranar da kafil zai ga gudunsu na koma gonar, amma a cikin mota na zauna, gilashi a rufe, don kada iska ta kai wa karen ƙamshina. Suka shiga, suka yi, ko sanda ɗaya ba ta faɗi ba. Balaraben ya miƙe tsaye yana tafi, ya ce a sa sunansu a gasar, maganar aboki ta mutu. Abin da na nema ke nan, na samu, ba keji.

Sai mutumin ya taho wajen motar, igiyar zanena a kafaɗarsa, duk ta yi baƙi.

"Iya, fito mana. Ai yanzu ba komai, ya zauna."

Na fito da sandata. Karen na zaune a gefen ƙafarsa ta hagu, harshe waje. Na kira shi yadda na saba, ba da ƙarfi ba. Kunnensa ya motsa. Ya gane ni, jelarsa ta share ƙasa. Amma bai tashi ba. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar mutumin.

"Yalla, je ka gaida Iya."

Sannan ya zo. Ya zauna a gabana daidai yadda ake koya musu, na ɗora hannu a kansa, gashin nan mai laushi na bayan kunne. Ya lashi yatsana sau ɗaya. Idonsa na kan igiyar. Mutumin na tsaye yana murmushi, yana jira in yaba masa, kuma ya cancanta, ba abin da na ce ya yi da bai yi ba. Har yau bai taɓa shafa kan karen nan da tafin hannunsa ba, in karen ya goga jikinsa a wandonsa sai ya canza wandon. Can gida Katsina kuwa, direba suka ɗauka yake yi. Shi ɗin ne karen ya zaɓa, kuma ni na koya wa kowannensu yadda zai yi.

Na ce, "Sallame shi, zaman ya ishe shi."

Ya tafa cinya, karen ya tashi a guje.

Ina nan a gonar har yanzu. An saya mini kujera mai laima, an ƙara kawo mini mutum biyu, ɗaya ɗan Sakkwato ɗaya ɗan Tamale, duka da hannu a janye. Tun ranar farko nake ba su igiya yanzu, ba na ɓata bakina a kan yawu. Kafil ya ce akwai 'yan kwikwiyo da za a haifa, in ina so in zaɓi ɗaya in raina. Na ce masa a ba wa mai gwiwa.