Kwanon Sarjan

Ni mutumin Dogondutsi ne, kuma kafin in zo Yamai ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya cinye geronmu tun yana tsaye, sai na shiga aikin kashe gobara. Can na tarar da abin da ba wanda ya gaya mini. Wai sai mutum ya iya iyo, ya ci jarrabawa a gulbi, kafin a tabbatar da shi a aiki. Wanda ya faɗi, a karɓe kaki ya koma garinsu.

Ni kuwa babu inda zan koma. Uwata da ƙannena huɗu sun biyo kamiyo, wato babbar motar kaya, sun same ni a ɗakina na unguwar Talladje, kuma rabon abincin da nake samu a bariki shi muke ci mu shida.

Mai koya mana iyo wani sarjan ne, Bazabarme ɗan unguwar Harobanda da ke ƙetaren gulbi, gajere mai faɗin ƙirji. Hausarsa ta kasuwa ce, amma zaginsa ba ya kuskure. Kafin mu taɓa ruwa sai ya ɗumama mana jiki rabin awa: gudu a kan rairayin da gulbi ya janye ya bari, wurwura hannuwa, tsugunne-tashi, miƙe ƙafa. In mun gama kuma ba ya barin kowa ya zauna. Sai an yi iyon rigingine a hankali, a taka a bakin ruwa har numfashi ya sauka. Na tsani wannan abu ƙwarai. A ganina mai ƙoshi ne ya ƙirƙiro shi. Mutumin da ya karya da ruwan shayi, ɗan ƙarfin da ya rage masa ai ba na zubarwa a yashi ba ne.

Saboda haka na koyi ha'inci. Ina ɗaga hannu rabi-rabi, in laɓe bayan dogaye wajen gudu. Ranar jarrabawa ma cewa na yi cikina ya ɓaci, na zauna bayan wani kwalekwale har suka gama ɗumama jiki, ina jin daɗin wayona.

A gurbi mai zurfi kusa da gada aka yi ta. Ban kai tsakiya ba jijiyar ƙafata ta ɗaure tamau kamar igiyar guga. Na sha ruwa, na ga duhu. Sarjan ne ya jawo ni ta wuyan riga, ya shimfiɗe ni, ya danna tafin ƙafata har ta saki. Na jira zagi. Sai ya tsaya yana duban haƙarƙarina, ya tambaye ni mu nawa ne a gida. Na faɗa masa. Kunya ta kama ni fiye da tsoron da na ji a cikin ruwan.

Ban san abin da ya gaya wa manya ba, amma aka ba ni kwana goma in sake. Ya ce tun da jikina ba ya jin magana, tafiyar hucewata bayan iyo ta fi ta kowa tsawo.

"Kullum in mun fito, ka biyo ni a ƙasa har gidana. Tafiyar tana cikin aiki, ba roƙonka nake ba."

Haka muka riƙa haye gada da rana tsaka, ina ƙunƙuni a bayansa. Muna isa, matarsa za ta ajiye mini kwanon dambu, wani lokaci da ɗan kifi. Shi kuma ya ce ya riga ya ci a bariki, ya zauna yana sakace, yana yi mini ba'a wai Ba'are, mutumin Dogondutsi irina, ruwan tulu kaɗai ya sani. Ni kuma in share kwanon tas. Da safe na daina ha'inci, don yanzu akwai abin da zan ƙona.

Na ci jarrabawar. Ban zo na ɗaya ba, amma na taɓa wancan gefen na dawo da ƙafata lafiya.

Washegari na je yin godiya, ban same shi ba, an tura su aiki. Matar na tarar tana wanke-wanke. Na durƙusa na ce Allah ya saka mata da abincin da ta ciyar da ni. Ta ɗauraye hannu, ta dube ni, ba fushi ba fara'a.

"Ɗana, ni ban ƙara ko cokali a tukunya ba, babu abin ƙarawa. Kwanonsa ne kake ci."

Na ce ai ya ce yana ci a bariki. Ta ce na bariki ƴaƴan ƙanwarsa yake kai wa tun farkon rani.