Jajen Malam Buba a Rugar Ardo

Har gobe ban manta da ranar da Malam Buba ya tuɓe hula, ya ɗora ta a kan turmi a tsakiyar ruga, ya ce da ni in nemi wani, shi ya fasa ba. Kun sha tambayata abin da ya sa nake tsananta wa 'yan wasa idan na ba su matsayin mugu. To ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ban daɗe da zama darakta ba. Mun shirya wani fim a kan satar shanu, muka ce a gida za mu yi abinmu, tsakanin Azare da ƙauyukan Katagum, ba sai mun kwashi kaya zuwa wani gari ba. Jigon labarin wani dillalin shanu ne da muka sa wa suna Alhaji Tanimu. A kara, wato kasuwar shanu, babu wanda makiyaya suka amince da shi kamarsa. Yana jin Fillanci, yana zuwa sunansu da jana'izarsu, shi ke shiga tsakani idan dabbobi sun yi ɓarna a gona. Amma kuma shi ne ke sanar da ɓarayi inda garke yake kwana, da ranar da mazan ruga suka tafi cin kasuwa. Mun tsara cewa mai kallo ba zai gane haka ba sai labari ya yi nisa.

Malam Buba na zaɓa ya fito a Alhaji Tanimu. Malamin firamare ne a nan Azare, ya girme ni nesa ba kusa ba, tun zamanin wasan daɓe yake harkar. Mahaifiyarsa Bafillatana ce, don haka Fillanci a bakinsa kamar ruwa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, fim ba a ɗaukarsa yadda ake kallonsa. Wuri-wuri ake bi. Duk fitowar da ta shafi ruga sai an gama ta kafin a koma gari, ko da ɗaya a farkon labari take, ɗaya a ƙarshe. Wani Ardo a kan hanyar Gololo ne ya ba mu aron rugarsa, bayan na zauna na warware masa labarin, ya tabbatar ba mutanensa muka mayar ɓarayi ba. Sai dai ya gaya mini, da zarar ruwa ya sauka manoma sun fara shuka, su za su ɗaga da shanunsu. Lokacin kuwa ƙarshen bazara ne, kullum da yamma sai hadari ya haɗu a gabas ya watse.

Fitowar da ta jawo rigimar ita ce ta jaje. A labarin, an kore garke, an sari ɗan mai rugar yana kwance rai a hannun Allah, sai ga Alhaji Tanimu ya zo jajanta musu. Wata tsohuwa 'yar rugar, wadda kowa ke kira Dada, ita ta fito a uwar wanda aka sara. Ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne: ɗanki ne kwance, ga aminin gida ya zo gaishe ku.

Aka saita kyamara, na ba da umarni. Malam Buba ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya yi jaje. Yana gamawa sai ya kalli kyamara ta wutsiyar ido, ya shafa gemu, ya saki wani murmushin mugunta.

Na ce a tsaya. Na matsa kusa da shi na rage murya. "Malam, a cire murmushin nan. Jaje kawai nake so, irin wanda za ka yi wa ɗan'uwanka."

Ya ce to. Aka sake. Wannan karon bai yi murmushi ba, amma ya ƙanƙance ido, ya sauya murya ta koma ta macuci. Na sake tsayarwa. Haka muka yi ta yi har rana ta take, shanu suka fara neman inuwa, Dada ta gaji da zama. A nan ne ya tashi ya tuɓe hular, ya ce, "Darakta, tun kafin ka san kyamara nake fitowa a mugu, ba wanda ya taɓa cewa ban iya ba. Nemi wani." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Furodusarmu, wato mai ɗaukar nauyin fim ɗin, wata hajiya ce 'yar kasuwa. Ta kira ni gefe ta ce, "Kai ma ka cika taurin kai. Mutane sun saba ganin mugu da fuskar mugu. Ka lallashe shi ya yi yadda ya saba, mu wuce kafin ruwa ya kore mu."

Na ce, "Hajiya, in aka gane shi a fitowar farko, babu sauran fim. Ki ba ni zuwa gobe."

Bayan la'asar na same shi a zauren gidansa yana duba aikin ɗalibai. Na gaishe shi na zauna ƙasa. Ya ajiye biro.

Ya ce, "Kana zaton ban gane abin da kake so ba ne? Na gane sarai. Amma ka san garin nan. Na taɓa fitowa a ɓarawon awaki, har yau akwai masu kirana da sunan a kasuwa. Maiɗakina ta je gidan biki wata ta ce a kula da jakunkuna. Wannan fa duk da na yi shi da zare ido da dariyar ƙeta, kowa ya ga wasa ne. Yanzu kana so in yi shi da muryata, da irin zamana, da irin gaisuwar da nake yi wa mutane kullum. Gobe in na je yi wa wani jaje na gaskiya, me zai zo masa a rai? Ni da 'ya'yan mutane nake aiki."

Ban yi masa alƙawarin ƙarya ba. Na ce, "Malam, bakin mutane ba zan iya rufe shi ba. Amma ka duba wani abu. In ka yi masa fuskar mugu, mai kallo zai tashi yana zaton maci amana a goshi ake gane shi. Sannan zai kalli Ardo da mutanensa ya ce waɗannan wane irin wawaye ne, ga mugu ƙuru-ƙuru sun shimfiɗa masa tabarma. Ni kuwa na yi wa Ardo alƙawari ba za mu wulaƙanta su ba."

Ya juya ya kalli ƙofa. Can ya ce, "Dangin uwata ba wawaye ba ne." Sannan ya tambaye ni, "Shi Tanimun nan, in ya yi kuka a wurin jajen, na gaske ne ko na ƙarya?"

Na ce ai na ƙarya ne mana.

Ya girgiza kai. "A'a. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shan nonon gidan nan, a gabansa aka haifi wanda aka sara, shanu kawai ya nufa, bai nufi jini ba. Kukansa na gaske ne. Kuma gobe zai sake sayar da su. Abin tsoron ke nan." Ya numfasa. "Zan yi. Amma ka sani, mutuncina ka ara, ba fuskata kaɗai ba."

Washegari da safe gari ya yi luf, iska na kaɗawa mai ƙanshin ruwa, matan ruga har sun fara ɗaure ƙore. Malam Buba ya ƙi babbar rigar da mai kula da sutura ya ware masa, ya sa tasa ta zuwa makaranta. Na ba da umarni. Ya shigo da sauri kamar wanda labari ya riska a hanya, ya tsuguna a kan mara lafiyar, ya kira sunansa a hankali. Ya juya ga Dada ya fara yi mata magana da Fillanci, yana cewa munyal, wato haƙuri, sai muryarsa ta karye. Hawaye suka zubo. Tsohuwar nan ta manta da mu gaba ɗaya. Ta kama hannunsa, ita ce ta koma tana ba shi haƙuri tana sa masa albarka. Mai ɗaukar hoto ya waiwayo yana jiran in tsayar, na yi masa alama ya ci gaba. Ba mu sake ɗaukar fitowar ba. Kafin azahar ruwa ya tsuge, muka kwashe kaya a guje.

Da aka gama tace fim ɗin, bayan kaka, makiyayan sun dawo mazauninsu, muka kai musu su fara gani kafin kowa. Aka taru a inuwa aka kunna. Da aka zo inda asirin Alhaji Tanimu ya tonu, sai Dada ta tashi ta shige bukkarta. Malam Buba ya je bakin ƙofa ya gaishe ta, ba ta amsa ba.

Abin ya dame shi ƙwarai. A gari ma abin da ya ji tsoro ya faru: aka laƙaba masa Tanimu, har wani uba ya je wurin hedimasta yana tambaya ko irin wannan mutum ya dace da aji. Bai bar koyarwa ba, bai kuma taɓa cewa da ni ka gani ba. Amma maganar Dada ta tsaya masa. Ranar wata Asabar ya sayi goro ya ce in raka shi.

Muka same ta tana tuƙa igiya. Ya tsuguna ya ce, "Dada, wasa ne fa. Ki yafe ni."

Ta ɗago ta dube shi, ta karɓi goron. Ta ce, "Na san wasa ne, ɗana. Ba da kai nake ba. Wanda ya ci amanarmu a gaske aka kore namu shanun, haka ya zauna, haka ya yi kuka. Ni na dama masa fura." Ta sa aka kawo mana nono, ta ce mu sha.

Muka sha, muka kamo hanyar Azare.

Don haka ku da kuke tasowa, in aka ba ku mutum mai fuska biyu, kada ku yi wa mai kallo raɗa cewa ga mugu nan. Ku nemo fuskar da ta sa aka yarda da shi, ku yi ta tsakani da Allah, ku bar labari ya tona shi. Ku kuma daraktoci, in ɗan wasa ya turje, kada ku yi saurin cewa bai iya ba. Ku bi shi gida ku ji. Kai kana gama aiki ka naɗe wayoyinka ka tafi. Shi kuwa da fuskar nan zai shiga kasuwa gobe, da ita zai tsaya a sahu, da ita zai je yi wa mutane jaje.