Ranar da Na Ci Jarrabawar Kunne

Ranar wata Talata ce, kwana tara bayan babbar salla, a shekarar da fari ya ƙone mana gero har awaki suka fara yi wa danga kallon tuwo. Ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, can wajen Tsanyawa. Muna cikin sharar filin makaranta da tsintsiyar kaba sai ga wata farar mota doguwa ta kutso ta tsakanin gonaki, tana taka wa mutane kunyoyi ba ko sannu. Mutum uku suka fito, maza biyu da mace ɗaya, kowa da farar riga da hankici a hanci, kai ka ce ba gari suka shigo ba, masai suka faɗa. Aka ce masana kunne ne daga wata cibiyar bincike a birni. Za su gwada jin yara, su kai sakamakon wani babban taron duniya a ƙasar Turawa, inda manyan likitocin kunne ke haɗuwa su yi wa juna tafi.

To, in akwai wanda zuwan nan ya shafa a garin, ni ne. Ƙyanda ta kama ni ina ɗan shekara shida, ta tafi da kunnen hagu ɗungurungum, na dama kuma ta bar mini ɗan abin da bai fi ƙanzo a gindin tukunya ba. Babu abin da Inna ba ta ɗura mini ba: man shanu, ruwan albasa, man kaɗanya da gashin kaza, har kunnen nawa ya fi miyar gidanmu kayan haɗi. Na koyi kallon bakin mutane, abin da ya kuɓuce mini kuwa in ce "na'am", shi ya sa yara suka laƙaba mini Sule Na'am. A aike ni sayen daddawa in dawo da kanwa. In na kora jaki da mangalar taki zuwa gona, Baba zai yi ta ƙwala mini kira daga bakin kuka har Sulen ƙauyen gaba ya amsa, ni ina nan ina yi wa jaki waƙa. A langa ba mai ka da ni, don ba na jin zagin da ke sa yaro ya saki ƙafa. Amma a aji, inda tsawo ya kai ni layin baya, kullum ni da bulala muke karin kumallo. Baba ya riga ya yanke hukunci: in shekara ta ƙare ban gyaru ba, zan bar makaranta. "Fartanya ba ta buƙatar kunne," in ji shi.

Inna ta ji daga bakin malamin asibitin sha-ka-tafi cewa baƙin suna tafe da akwatin wasu ƙananan na'urori da ake maƙalawa a kunne, kuma duk yaron da gwaji ya nuna ba ya ji za a ba shi kyauta. Da safen nan ta kama fuskata da hannu biyu don in ga bakinta da kyau, ta ce, "Sule, yau kada ka ce na'am. In ba ka ji ba, ka zauna kamar dutse."

Sai dai Inna ba ta yi lissafi da hedimastanmu, Malam Ilu, ba. Shi wannan bawan Allah a duk rayuwarsa baƙo mai mota iri ɗaya ya sani, wato sufeto, jarrabawa kuma ko a ci ko a faɗi. Mako guda ya sa muna shafa wa duwatsu farar ƙasa, muna yanke farce, muna goge kunnuwa da tsumma har suna sheƙi. Ranar kuwa ya tara mu, dorina a hammata, ya ce, "Makarantata ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma ba za ta fara da ta kunne ba. Ku dubi taga. In na taɓa hula, ku ɗaga hannu. Wanda ya kunyata ni, sha biyu." Wannan na ji shi sarai, don bakin Malam Ilu ko makaho zai karanta.

Masanan suka kafa injinsu a ofis, suka jona shi da batirin mota. Ana kifa wa yaro wasu faifai biyu a kunne, wani mai tabarau a cikinsu ya danna maɓalli, in yaro ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Don tsabar ilimi, sai suka juya kujerar yaro ta ba su baya, wai kada ya ga lokacin da ake dannawa. Ina kujerar take kallo? Taga. Wa ke bakin taga yana hango yatsan mai tabarau? Malam Ilu. Mutum uku masu digiri jere kamar rumbuna, babu wanda ya ɗaga kai ya tambayi me ya sa hedimasta ke taɓa hula kamar mai kwarkwata. Suna can suna korar ƙuda, suna tsaki da ruwan rijiyarmu, suna muhawarar irin rigar sanyin da za su saya kafin su hau jirgi.

Da layi ya zo kaina na zauna, aka kifa mini faifan. Shiru, kamar na nutse a kududdufi. Malam Ilu ya taɓa hula. Na tuna Inna, na danne hannuna a ƙarƙashin cinya. Ya sake taɓawa, sannan ya zaro dorina daga hammata ya kwantar da ita a kan taga, a hankali, kamar mai shimfiɗa jariri. Jama'a, Inna tana gida, dorina kuwa ga ta ga ni. Hannuna ya tashi da kansa. Daga nan ban sake kuskure ba, har ƙarar da jemage ba zai ji ba na ɗaga mata hannu. Matar ta rubuta wani abu, ta miƙo mini alawa da 'yan yatsu biyu. Akwatin nan yadda ya fito daga mota haka ya koma, ko igiyarsa ba a kwance ba.

Na isa gida da alawa a hannu. Inna ta dubi kunnena, ta dubi alawar, ta juya ta ci gaba da dakan dusar da za mu ci. Ga mai irin kunnena, wanda ya juya maka baya ya rufe maka duniya.

Bayan wasu watanni takarda ta zo da hoto. Ga masananmu a ƙasar Turawa, sun sha kwat, suna washe haƙora gaban wani allo. Sun shaida wa duniya cewa a makarantarmu ba a sami yaro ko ɗaya mai matsalar ji ba. Malam Ilu ya rantse har wani babban Bature ya miƙe ya tambayi abin da muke ci. Da ni ya tambaya, da na ce masa tafasa da dusa, in ana biki a sa ƙuli-ƙuli. Aka sa wa hoton gilashi aka rataye a ofis. Shekara ta ƙare, Baba ya cika alkawari, ya sassaƙo mini ƙota daidai tsawona.

Yau ga ni da furfura ina sayar da hatsi a kasuwar Ɗambatta, in na yi ciniki ana jin farashin a Kano. Bara 'yata, wadda ta zama nas, ta ja ni asibiti a birni, aka sake gwada ni, na faɗi faɗuwar da ta fi kowace nasara daɗi, aka maƙala mini na'ura. Yanzu ina jin takun kaza, ina jin kukan takalmina, har gulmar maƙwabta ina ji, abin da ba su sani ba tukuna. Na je ƙauye na zauna a ƙofar ɗakin Inna, shekara sha ɗaya da binne ta. A iya sanina da ita, sai ta ɗaga murya har jijiyar wuyanta ta fito nake jin ta. Mutane suna cewa mace ce mai sanyin magana. Ni dai sai in yarda da su.