Litinin Ɗin da Kwamfuta Ta Tsallake

Naziha 'yar unguwar Damilu ce a Yola, 'yar tela, jikar fataken da suka zo daga Kano suka zauna. In ka gan ta yau a bakin titi tana jiran keke, da gilashi mai kauri da jakar kwamfuta a kafaɗa, za ka ɗauka gajiyar yini guda ce a fuskarta. Ta fi haka daɗewa.

A ƙarshen 2014, da mutane suka kwararo Yola daga Mubi da Madagali da Gwoza, wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke ta aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Aikinta rubuta sunaye: wa ya iso, wa yake neman wa, wa aka gani a hanya. Duk a cikin tsohuwar kwamfuta guda, mai haki kamar akuya a tsakar rana.

Awa biyu ake kunna janareta, kwafe rajistar duka kuwa yana cin fiye da awa. Sai ta tsara abinta. Ranar Juma'a ta kwafe komai a babban faifai. Sauran ranaku kwamfutar ta duba kwanan wata, ta ɗebo abin da aka shigar bayan kwafin jiya kaɗai, ta zuba a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Minti uku an gama. Filas shida, kowace rana da nata, a ɗaure a zare guda.

Othniel, direban ƙungiyar, ba ya ganin su ya yi shiru.

"Adda Naziha, aiki ne wannan ko layu?"

"Layun da za su cece mu ranar da ka jefa mu a rami."

"Ni? Shekara goma ina tuƙi, ko kaza ban taka ba."

"Kajin sun san ka ne, tun daga nesa suke gudu."

Akwai wata tsohuwa, Ya Bintu, daga wajen Gwoza, wadda ta rabu da ɗanta Fa'iz a daji ranar gudu. Kullum da safe sai ta leƙo rumfar da Naziha ke aiki ta ce, "'Yar nan, akwatin naki ya yi magana?"

Wata Litinin cikin Maris, Ya Bintu na can Namtari wajen ƙwadagon gona, wani mai fataucin busasshen kifi ya tsaya a rumfar. Ya ce ya ga Fa'iz a tsallaken Kamaru yana dakon buhuna, ya ba da lambar ubangidan yaron. Naziha ta shigar da sunansa da lambar da sunan garin. Ta kira sau biyu, layi bai shiga ba. Ta ce bari tsohuwar ta dawo.

Ranar Laraba zafi ya kashe kwamfutar. Masu gyara a Jimeta suka buɗe ta, suka girgiza kai. Naziha ba ta razana ba. Ta aro wata, ta zuba na Juma'a, ta bi da na Asabar, na Lahadi. Da ta sa na Litinin, babu komai a ciki.

Sai ta tuna. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ya daɗe yana wasa. Ranar Litinin ta tashi da kwanan watan 2009, ita kuma sai Talata ta lura ta gyara. Duk abin da ta rubuta a ranar, kwamfutar ta ɗauke shi tsohon abu ne, ta tsallake. Mutum arba'in da ɗaya. Arba'in suna nan a sansanin, aka sake tambayar su. Mai kifi ya tafi.

Da Ya Bintu ta dawo, Naziha ta durƙusa a gabanta.

"Iya, an ga Fa'iz a Kamaru. Amma lambar da za ta kai mu gare shi ta ɓata a hannuna."

"Yana raye?"

"Haka mutumin ya ce."

"Ya rame?"

"Ban tambaya ba."

"Ke kam ba ki iya tambaya ba," in ji tsohuwar, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Mako uku Naziha da Othniel suna bin layin 'yan kifi a kasuwar Jimeta, suna kwatanta mai kifin nan, wani dogo mai tabo a gira. Kowa ya san mai tabo, ba wanda ya san wannan.

Daga nan ta daina yarda da agogo. Kowane rubutu ta ba shi lamba a jere, kowace Juma'a kuma ta maido da kwafin a wata kwamfutar ta ƙirga. Haka take yi har yau a ƙaramin asibitin da take aiki, abokan aiki na cewa ta cika naci.

Ya Bintu ba ta jira ba. Da damina ta ɗauke, ta ɗaure kayanta ta ce za ta bi garuruwan iyaka ɗaya bayan ɗaya. Naziha ta ce za ta raka ta.

"Zauna. Wasu ma na neman nasu."

A tasha Naziha ta rubuta mata lambar wayarta a takarda, ta sake rubutawa da biro a bakin zaninta. Motar ta tashi.

Shekara goma ke nan. An sace wa Naziha waya sau biyu, sau biyu tana bin layi a rana don a maido mata wannan lambar. Duk baƙuwar lamba tana ɗagawa, ko tana cin abinci. Yawanci masu talla ne, ko wanda ya yi kuskure. Takan saurara har su gama, sannan ta ce ba komai, ta ajiye.