Gangar Saurayi Mai Gaggawa

A gidanmu na ƙauye, can wajen Buji, murhu ɗaya ne amma masu shi biyu. Da damina, in an idar da sallar isha'i, kakarmu Inna Kulu takan tara mu jikoki a bakin wutar, kakanmu Baba Tsoho kuma ya jawo gangarsa ta noma ya kara ta kusa da garwashi, don danshi yakan sa fata ta saki. Inna ba ta buɗe tatsuniya da baki. Ƙwaryarta take ƙwanƙwasawa, mu kuwa mu ce, "Mun ji, Inna, kawo ta!"

Akwai wadda ta fi so, ta wani saurayi makaɗi mai gaggawa. Yana neman wata yarinya, ya yi wa mahaifinta alkawarin gayya, samarin gari kaf za su zo su nome masa gero. To, samari ba sa noma sai da kiɗa, kuma in gayyar ta watse, maganar aure ta watse. Ana cikin shiri fatar gangarsa ta tsage.

"Sai gogan naku ya ce, wa ya fi bijimin sa murya a daji? Ya je ya samo fatar bijimi, mai kauri kamar takalmi!" Nan mukan fashe da dariya. Ya ɗaura, ya buga, ganga ta ce bum, ko kaza ba ta waiwaya ba. Haushi ya sa ya ja tsarkiyar gefe ɗaya iya ƙarfinsa, ya tura gangar cikin wuta don ta yi saurin ɗamewa, har ta fara ƙauri.

Daidai nan Baba Tsoho yakan yi tari, ya ce, "Ke dai kin cika ƙari." Inna ko kallonsa ba ta yi.

Yarinyar ce ta ji ƙaurin ta leƙo ta kan danga. Ta koma gida ta ɗauko fatar ɗan akuyan da aka yanka ranar sunan ƙaninta, siririya, ba tabon wuƙa. Ta ce ya jiƙa ta, ya kankare gashin, ya ɗaura, ya bar ta ta bushe a inuwa. Sannan ta tsaya a kansa: "Ja nan kaɗan, ja can kaɗan, ka tsaya ka saurara." Har zaren da ake gittawa a fuskar ganga don ya ba ta zaƙi ta hana shi matsewa, ta ce in ya shaƙe shi ba zai yi magana ba. Ranar gayya ganga ta yi kuka har ƙauyen gaba, kafin azahar an gama gonar.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Dutse, kuma ni aka ɗora wa gangar fareti. Fatarta roba ce, da ƙusoshi ake ɗaure ta, amma yara suna yin abin saurayin nan, su murɗe gefe ɗaya har ta shaƙe. Rannan na ji bakina yana cewa, "Murɗa nan kaɗan, murɗa can kaɗan, ka tsaya ka saurara." Sai kewa ta kama ni, wallahi har na zauna.

Da na je gida hutu na ba Inna labari. Baba Tsoho ya daɗe da rasuwa, gangarsa tana rataye a ɗakinta. Na ce ashe tatsuniyarta tana aiki har a kan roba.

Ta ce, "Wace tatsuniya? Juya gangar can."

Na sauko da ita, na juya. A gindin icen akwai baƙin tabon ƙuna, ya kai tafin hannu.

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Fatar ɗan akuyan nan, Babana ya neme ta har ya gaji. Ban taɓa gaya masa ba."